Tambaya da Amsa: Mu Sallama Gonar Bedin Mahaifinmu Gaba Ɗaya?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Mahaifinmu ya rasu ya bar mana 'yar gonar bedi (darbejiya) a wajen Sandamu, ba ta kai eka biyu ba. Shi ya dasa ta da hannunsa tun lokacin da ake raba dashe kyauta. Yanzu wani mai sana'ar itace ya taya ta a tsaye, zai kawo masu injin yanka su share ta. Ƙannena sun ce a sallama, ni kuwa hankalina bai kwanta ba. Mece ce shawara?
Mai karatu daga Daura

AMSA: Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan mahaifinku, ya sa bishiyoyin nan su zame masa sadaka mai gudana. Da jin bayaninka, dashen zamanin shirin dashen itatuwa na Katsina ne, wanda aka fara a 1987 da tallafin ƙasashen Turai. Ƙauyukan Daura da yawa a lokacin suka samu gonakin bedi.

Ɗan'uwa, kada ku sallama ta a dunƙule. Mai saye a tsaye kuɗin itacen girki yake biya, amma idan ya sare, ba duka yake kai wa masu girki ba. Miƙaƙƙun sanduna ya ware su don rufin ɗaki da dirkar rumfa, manyan gungume ya kai wa masu tsaga katako, masassaƙa su ɗauki na ƙota, sai tarkacen ne ke tafiya murhu. Wannan ribar taku ce. Kafin ka sake zama da shi, ɗauki gawayi ka zaga gonar, ka yi wa kowace bishiya alama, ka san miƙaƙƙu nawa ne, karkatattu nawa. Sannan ka leƙa kasuwar Daura ko ta Mai'adua ka ji yadda ake sayar da sanda ɗaya.

Abin da na fi so ku gane shi ne, bedi ba ya mutuwa don an sare shi, muddin an iya saran. Ku raba gonar kashi huɗu ko biyar, ku riƙa sare kashi ɗaya duk shekara. Kafin ku zagayo kan na farko, tohonsa ya zama sanduna, gwargwadon ƙarfin ƙasa da yadda damina ta yi. A yi saran ƙasa-ƙasa, kamar taƙi ɗaya daga ƙasa, a karkace don kada ruwa ya kwanta a kan kututturen ya ruɓar da shi. Gatarin ya zama mai kaifi, ɓawon kada ya yage. Kuma don Allah kada kowa ya ƙona kututture, na sha ganin gonar da aka kashe da wannan.

Lokacin saran ma da magana. Na fi son ƙarshen bazara, dab da faɗuwar ruwa, saboda toho zai fito daidai lokacin da aka ɗaure dabbobi. Wanda ya sare da kaka, awaki ne za su yi kiwon tohonsa har rani ya ƙare. Inda gonar ke bakin burtali, gara a sare sama da tsayin mutum, inda bakin akuya ba ya kaiwa.

Bayan damina za ka ga kututture ɗaya ya fitar da toho rututu. Kada ka ji tausayinsu. Zaɓi biyu ko uku masu ƙarfi da suka miƙe, ka cire sauran, in ba haka ba duk sirara za su tashi, babu mai kai kuɗi. Da kaka kuma a share ciyawa a kewayen gonar saboda gobara.

Ƙannenka suna da haƙƙi, gado ne, wataƙila kuma buƙata ce ta matsa. Ka tara su ka nuna musu lissafin, kuɗin saran bana a raba yadda shari'a ta tsara. Sannan ka sanar da ofishin gandun daji na ƙaramar hukuma da mai unguwa kafin a ɗora gatari, ko da gonar taku ce.

TAMBAYA: Malam, sabara da kalgo sun dame ni a gona, duk shekara sai na yi sassabe su dawo. In tone su?
Manomi daga Baure

AMSA: A'a, bar su. Saiwarsu ta riga ta yi nisa a ƙasa, shi ya sa suke dawowa, kuma sun fi sabon dashe jure fari. Wajen sassabe ka bar reshe biyu ko uku a kowane gindi, ka datse na gefe, su tashi su zama bishiya. Da haka manoman Maradi suka mayar da itatuwa gonakinsu tun daga shekarun 1980. Za ka samu itacen girki a gonarka, ganyen ya zama taki, iska kuma ta rage binne maka shuka da rairayi. Idan ka ci karo da ɗan gawo, kafa masa ƙaya ka kewaye shi: da damina yake zubar da ganye, don haka ba ya yi wa gero inuwa, da rani kuma 'ya'yansa abincin dabbobi ne.