Hukuncin riƙe bindiga ba lasisi da batun tsananta horo ga masu ɓarna da ita

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Ni manomi ne a yankin Alƙaleri ta jihar Bauchi. Masu garkuwa da mutane sun hana mu barci, har wasu daga cikin maƙwabtanmu sun sayar da shanunsu domin biyan kuɗin fansa. Wani ya yi mini tayin bindiga AK-47 a ɓoye. Shin ya halatta in saya don kare iyalina? Kuma muna jin ana ta maganar gyara dokar bindiga da tsananta hukunci ga wanda aka kama da ita. Musulunci ya yarda da hakan?

AMSA: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ɗan'uwa, Allah Ya yaye muku wannan musiba, Ya mayar wa waɗanda aka zalunta da mafi alheri.

Kare kai haƙƙinka ne, babu saɓani a kansa. Muslim ya ruwaito daga Abu Huraira cewa wani mutum ya tambayi Manzon Allah (SAW) game da wanda ya zo zai ƙwace masa dukiya. Ya ce kada ya ba shi. Ya ce in ya yaƙe ni fa? Ya ce ka yaƙe shi. In ya kashe ni? Ya ce kai shahidi ne. In na kashe shi? Ya ce yana wuta. Saboda haka duk wanda ya faɗo maka gida da makami cikin dare, ka tunkuɗe shi da abin da ke hannunka, babu zunubi a kanka. Malamai sun sharɗanta a fara da mafi sauƙi idan hali ya bayar, kuma in ya juya da gudu bai ɗauki mutum ko dukiya ba, to dalilin kashe shi ya faɗi.

Amma haƙƙin kare kai daban, sayen makamin yaƙi a bayan fage daban. Mallakar makami a asalinsa halal ne, sai dai yana cikin halal ɗin da shugaba ke da ikon taƙaitawa idan maslahar jama'a ta buƙaci haka. Annabi (SAW) da kansa ya sa wa ɗaukar makami iyaka: ya umarci wanda zai ratsa masallaci ko kasuwa da kibau ya riƙe tsininsu kada ya ji wa wani Musulmi rauni, ya kuma hana mutum nuna ɗan'uwansa da makami, domin bai sani ba ko Shaiɗan zai fizgi hannunsa. A Bukhari akwai labarin Abdullahi ɗan Umar da tsinin mashi ya soke shi a ƙafa a Mina, ya ɗora wa Hajjaju ɗan Yusuf, gwamnan wancan lokaci, laifin, saboda shi ya bari aka ɗauki makami a ranar da ba a ɗauka, aka kuma shigar da shi Harami. Ka ga ke nan sahabi ya ɗauki tsare wannan iyaka a matsayin aikin mai mulki. In an yi haka a kan kibiya da mashi, ina ga abin da ke ɗaukar harsashi talatin a ciki ɗaya?

Dokar bindiga ta ƙasar nan, wadda aka kafa tun 1959, ta kasa bindigogi gida uku. Makaman yaƙi irin wanda aka yi maka tayi ba mai riƙe su sai da izinin Shugaban Ƙasa. Bindigogin farauta irin mai baki biyu lasisinsu na hannun Sufeto Janar na 'yan sanda. Ita kuwa harba-ka-ruga, Kwamishinan 'yan sandan jiha ke da ta cewa a kanta. Ba a ba yaro ɗan ƙasa da shekara 17, ko mai taɓin hankali. Wannan tsari bai saɓa wa wani nassi ba, don haka biyayya gare shi ta hau kanka.

Hukuncina shi ne sayen wannan bindiga bai halatta gare ka ba. Dalili mafi nauyi ma ba tsoron kamu ba ne. Ka tambayi kanka daga ina ta fito. Ko an sato ta daga rumbun hukuma, ko an ƙwace ta daga gawar jami'in tsaro, ko an yi fasa-ƙwaurinta ta kan iyaka. Dillalin da zai karɓi kuɗin masararka yau, shi ne gobe zai kai harsashi daji ga waɗanda suka hana ka barci. Allah Ya hana taimakekeniya a kan zunubi da ƙetare iyaka a aya ta 2 ta Suratul Ma'ida, malamanmu na Malikiyya kuma sun haramta cinikin makami ga wanda aka san ɓarna zai yi da shi, ta babin toshe kafar ɓarna. Sannan ka dubi gidanka. Bindiga tana ƙarƙashin gado, ga samari masu zafin kai, ga rikicin iyakar gona, ga shanun da suka shiga dawa ana dab da girbi. Abin da a da sanda da baki ke kashewa a gaban dagaci, sai ya koma gawa uku kafin la'asar. Mutanen Bauchi da Gombe sun ga abin da 'yan sara-suka da 'yan kalare suka yi da adda da wuƙa kawai.

Game da tsananta hukunci, Shari'a ta riga kowa. Wanda ya ɗauki makami ya tare hanya, ko ya shiga gari ya tsoratar da mutane don ƙwatar dukiya, sunansa muharibi, hukuncinsa yana aya ta 33 ta Ma'ida: kisa, ko tsirewa, ko yanke hannu da ƙafa a saɓa, ko kora daga ƙasa. A Risala ta Ibnu Abi Zaid, wadda ɗalibanmu ke karantawa a zaure, an faɗa cewa idan ya kashe rai to babu makawa a kashe shi, yafewar dangin mamaci ba ta kuɓutar da shi. In bai yi kisa ba, shugaba ya duba girman ɓarnarsa da daɗewarsa a cikinta. Ana kuma kashe jama'a saboda mutum ɗaya a fashi, ko da ɗayansu ne ya yi kisan. Garkuwa da mutane don kuɗin fansa ta shiga nan kai tsaye. Dokar fashi da makami ta 1984 ita ma kisa ta tanada.

Shi kuwa wanda aka samu da bindiga ba lasisi amma bai cuci kowa ba, laifinsa na ta'aziri ne, wato horon da aka bar wa shugaba ko alƙali ya ƙayyade, ba na haddi da nassi ya yanke ba, kuma ta'aziri yana tafiya da gwargwadon laifi. A nan nake ganin gyara ya zama dole. Waccan doka ta 1984 ta yanka wa mai riƙe bindiga ba bisa ƙa'ida ba tarar naira dubu 20 ko ɗaurin da bai gaza shekara 10 ba, ko duka biyun. Dubu 20 a yau ba ta sayen buhun shinkafa. Dillalin makamai zai biya yana murmushi. Shekara 10 kuwa zalunci ce a kan tsohon mafarauci da ya gaji bindigar toka daga ubansa. Adalci shi ne a bambanta. Mai safara, da maƙerin da ke ƙera wa 'yan daji, da jami'in da ya sayar da makamin da aka ba shi amana, su ne suka cancanci mafi tsananin horo, kuma na ƙarshen ya fi muni domin ya haɗa da ha'inci.

Ina kuma faɗa wa mahukunta da babbar murya: wanda ya hana talaka makami ya ɗauki nauyin tsaronsa a wuyansa, kuma Allah zai tambaye shi. A 2023 rundunar 'yan sanda ta sanar da dakatar da bayar da sabon lasisin ƙananan bindigogi. A 2024 aka sa hannu a dokar da ta ba Cibiyar Taƙaita Yaɗuwar Ƙananan Makamai ta Ƙasa gindin zama. Doka a takarda ba ta tare ɗan bindiga a bakin ƙauye. In an rufe ƙofar halal ba a kawo tsaro ba, mutanen kirki ake turawa wajen dillalan ɓoye. Ya kamata a buɗe hanya mai tsabta ga 'yan banga da mafarautan da hakimi da dagaci suka san asalinsu, a yi musu rajista da horo, a riƙa ƙirga harsashin da aka ba su.

Kai kuma, ku haɗu da mai unguwa da limaminku ku je wa hakimi da baturen 'yan sandan yankinku, ku nemi a tsara muku sintiri a ƙarƙashin hukuma da makamin da doka ta yarda. Wanda ya yi maka tayin nan, wajibi ne a sanar da hukuma shi ta hanyar da ba za ta jefa ka cikin haɗari ba. Duk wanda zai shiga sintiri kuma ya sani, in harbi ya kuɓuce masa ya kashe wanda bai ji ba bai gani ba, akwai diyya a kan danginsa, shi kuma akwai kaffara a kansa ta 'yanta bawa, in bai samu ba azumin wata biyu a jere, kamar yadda aya ta 92 ta Suratun Nisa'i ta hukunta. Wanda kuka kama kuma a miƙa shi ga hukuma da ransa. Yanke hukunci aikin alƙali ne.

Allah ne mafi sani.