Dokokin wasan "wanda ya mutu ya mutu" a Kerbal Space Program

Ka tambayi irin dokokin da mutum zai ɗora wa kansa in yana son buga Kerbal Space Program, wasan kwamfuta na ƙera roka da tafiya sararin samaniya, ba tare da tayar da matattu ba. To ɗan'uwa, fara da saitin wahala: kashe damar mayar da tashi baya, kashe loda ajiya (komawa inda ka adana wasan) da maballin F9, ka kuma cire zaɓin da ke dawo da matuƙan da suka ɓace. In ba haka ba, ranar da Jebediah, ɗaya daga cikin matuƙan wasan, ya tarwatse, yatsanka da kansa zai kai kan maballin.

Dokar da ta fi yi mini rana ita ce, babu mai rai da zai hau roka sai irinta ta je ta dawo ba kowa a ciki. Sai da na ji jiki na koya. Ina dawo da matuƙiya Valentina daga Mun, watan Kerbin (duniyar da ake tashi daga cikinta a wasan), na manta garkuwar zafi, na kuma kutsa iskar Kerbin, wadda ke farawa daga kilomita 70, da gangara mai tsanani. Ina kallo ma'aunin zafi ya yi ja, kumbon ya fashe. Kwana biyu ban buɗe wasan ba.

Wanda mai ya ƙare masa a Minmus, ɗaya watan na Kerbin, kuwa bai mutu ba, don haka ba sabuwar tafiya sai an ɗauko shi.

Sassauci ɗaya nake yi: in matsalar wasan ce ta wargaza kumbo yana zaune lafiya, ina sake kunna loda ajiya in dawo da shi. Amma rubuta wannan sharaɗin tun kafin ka fara.