CGPA ɗina ya faɗi, kuma ina da kariyoba biyu: ya zan yi?

Ƙanena, ka ce kana aji biyu a jami'a, CGPA ɗinka (matsakaicin makin duk kwasa-kwasan da ka yi) 2.1, ga kariyoba biyu (kwasa-kwasan da ka faɗi, sai ka maimaita), kana tambaya ko akwai sauran gyara. Akwai, domin yawancin kwasa-kwasanka suna gaba.

Fara da fahimtar lissafin. A tsarin maki 5 na yawancin jami'o'in Najeriya, A daga 70 take farawa, B daga 60, C daga 50. A tana da maki 5, kuma makin kowane kwas ana ninka shi da yawan yunit ɗinsa, wato nauyin kwas ɗin. A a kwas mai yunit 3 maki 15 ke nan, a mai yunit 1 kuwa 5 kacal. F sifili ce, amma ana ƙirga yunit ɗinta wajen raba jimillar maki da jimillar yunit don fitar da CGPA, shi ya sa take jan mutum ƙasa sosai. Don haka manyan kwasa-kwasan za ka fi ba lokaci. Kana bukatar CGPA 2.40 ka shiga matakin digiri na 2:2 (Second Class Lower), sai 3.50 don 2:1 (Second Class Upper).

Inda ɗalibai suka fi yin asara shi ne tes da asamen. Maki 30 ko 40 ne tun kafin jarrabawa, amma sai ka ga an yi musu riƙon sakainar kashi. Wasu kuma su yi rajistar kariyoba, ba sa leƙa ajin, wai sun taɓa yi. Malamin ma ƙila ya canza.

Kafin rajista, je wurin kodinetan ajinku da sakamakonka a hannu, ya duba iyakar yunit da aka yarda ka ɗauka. In rashin lafiya ko damuwa ce ta jawo faɗuwar, ka je asibitin makaranta a ba ka takarda, ka kai sashenku da wuri.