Kujerun da mai zanen gini ya tsara: a zauna a kai kafin a amince

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ka ce kuna gyaran wani tsohon gini mai lambu, mai zanen da kuka ɗauka ya kawo muku zanen kujeru da bencuna nasa na musamman, kuna shawarar ko ku karɓa ko ku sayo na gama-gari. Na daɗe ina aikin kafinta tare da masu zanen gine-gine, ni ake miƙa wa takarda in mayar da ita katako, saboda haka zan faɗa maka abin da na gani.

Ku karɓa, amma da sharaɗi ɗaya. Kada a yanka katakon aiki ko a zuba kankare sai an haɗa samfuri na filawud daidai girmansa, an ajiye shi a ainihin wurin da za a kafa shi, mutane sun zauna a kai. A samu dattijo, a samu mai jiki, a samu gajere, kowa ya zauna kamar rabin awa. Minti biyu ba ya nuna komai, don kowace kujera tana da daɗi a minti biyun farko.

Dalilin da ya sa nake goyon bayan aikin mai zane shi ne akwai abin da kujerar kanti ba za ta taɓa yi ba. A birnin Fulorens na Italiya, gidan Medici da aka fara ginawa a 1444 da gidan Strozzi da aka fara a 1489 suna da dakalin dutse a gindin bangonsu ta waje. Dakalin shi ne ƙafar ginin, shi ne kuma wurin zaman masu jira da masu wucewa, har yau ana zama a kai. Haka dogon bencin nan mai lanƙwasa kamar maciji da Antoni Gaudí ya yi a lambun Güell na Barsalona, lambun da aka gina tsakanin 1900 da 1914. Tsawon bencin ya kai wajen mita 110, Josep Maria Jujol ne ya ƙawata shi da fasassun tayil. Masu ziyara adon suke ɗauka a hoto, ni kuwa aikin da yake yi ne ya fi burge ni. Shi ne katangar da ke hana mutum faɗowa daga gefen filin da ya kewaye, wanda yake a sama. Lanƙwasar tana samar da ƙananan lunguna inda mutum huɗu ko biyar za su fuskanci juna su yi hira. An kuma bar kafofi a jikinsa da ruwan sama ke bi ya fita ta baya. Wanda ya san ginin tun daga tushe ne kaɗai zai iya haɗa waɗannan ukun a abu guda.

To amma fa manyan masu zane ma sun sha yin kujerar da ido ke so, jiki ba ya so. Frank Lloyd Wright ya tsara wa ma'aikatan hedikwatar kamfanin Johnson Wax a Amurka, wadda aka gama a 1939, kujeru masu ƙafa uku. Sun dace da teburan da ginshiƙan ɗakin, sai dai mutum na karkata gefe kujerar ta bi shi ƙasa, dole daga baya aka mayar da su ƙafa huɗu. Kujerar Barsalona da Mies van der Rohe da Lilly Reich suka yi wa rumfar Jamus a baje kolin Barsalona na 1929 tana cikin kujerun da suka fi suna a duniya, kuma kyanta ba a magana. Amma mazauninta yana gangara baya, ba ta da hannu, dattijo mai ciwon gwiwa zai sha wahalar tashi daga cikinta. A ɗakin karɓar baƙi na ɗan lokaci ta yi daidai. A wurin da marasa ƙarfi za su jira, ba ta yi ba.

Wanda nake so mai zanenku ya yi koyi da shi shi ne Alvar Aalto. Shi da matarsa Aino sun tsara asibitin masu tarin fuka a Paimio ta ƙasar Finlan, aka gama shi a 1933. Kujerar da suka yi wa majinyata ta lanƙwasasshen katako ce, domin katako ba ya ɗaukar sanyi irin na ƙarfe, kuma an kwantar da majinginarta yadda mai ciwon ƙirji zai sami sauƙin numfashi. Daga jikin mai zama suka fara tunani, siffar ta biyo baya. Tambayar da za ku yi wa naku mai zanen ke nan: wa zai zauna a nan, tsawon wane lokaci, yana kallon me? In ya ba ku amsa ba tare da inda-inda ba, aikinsa zai yi kyau.

Ga ma'aunin da nake dubawa a kowace takarda. Tsayin mazauni daga ƙasa santimita 43 zuwa 46, zurfinsa 40 zuwa 45. Majingina ta ɗan kwanta baya, kamar digiri 100 zuwa 105, don miƙaƙƙiya ƙyam tana gajiyar da baya. A bar fili a ƙarƙashin gaban mazaunin yadda diddige zai koma baya lokacin tashi. Wannan ne dakalin kankare mai siffar akwati ya fi rasawa, shi ya sa tsofaffi suke guje masa. A sa hannu aƙalla a wasu kujerun.

A lambu kuwa rana da ruwa ne alƙalai. Na taɓa ganin dakalin baƙin dutse da aka kashe masa aiki sosai, an kafa shi a tsakiyar fili babu inuwa, ko tafin hannu ba ya ɗoruwa a kai da rana, mutane suka koma zama a gefen kwalbati ƙarƙashin itace. Dutse da ƙarfe sai a inuwa, ko a shimfiɗa musu katako a sama. Mazaunin ya ɗan gangara don kada ruwa ya kwanta, a bar tazara tsakanin falankai, ƙafar katako kuma kada ta taɓa ƙasa kai tsaye. A bar wani abu a bayan mai zama, bango ko shingen shuka, don mutum ba ya sakewa in bayansa a buɗe yake. Kuma kada a kafe komai da komai. William Whyte, wanda ya yi shekaru yana nazarin filayen New York a shekarun 1970, ya lura mutane suna son kujerar da za su ja da kansu zuwa inuwa ko kusa da abokin hira. Lambun Luxembourg na Paris ya daɗe a kan wannan tsari.

Tunda ginin naku tsoho ne, kada a huda tsohon bango ko daɓe don kafa benci. Duk abin da aka ƙara ya zama ana iya cire shi ba tare da ya bar rauni ba. Kada kuma a yi sabon abu a shafa masa tsufan ƙarya. Yarjejeniyar Venis ta 1964 kan kula da tsofaffin gine-gine ta nemi sabon da aka ƙara ya dace da tsohon amma a iya bambanta su.

In an gama, ku karɓi cikakken zanen aikin daga hannun mai zanen, da sunan katakon da irin man da aka shafa, ku adana. Ranar da falanki ɗaya ya lalace, kowane kafinta zai iya yanka muku irinsa. Allah ya ba da sa'a.