Masu wasan gem biliyan uku: nawa ne naka a cikinsu?

Tambaya: Ina da shagon kayan waya a kasuwar Farm Centre a Kano. Na tara ɗan jari, ina shawarar ko in buɗe gidan gem da PlayStation a unguwarmu, ko in ƙara sarin kayan wasan gem na waya. Yaron shagona ya nuna mini cewa masu wasan gem a duniya sun haura biliyan uku. Ta yaya zan gane ɓangaren da ya fi jama'a, waya, kwamfuta ko PlayStation?

Amsa: Malam, Allah ya sa wa nema albarka. Yaronka gaskiya ya faɗa. Kamfanin Newzoo na ƙasar Holan ya ƙiyasta cewa a 2023 masu wasan sun haura biliyan uku, cinikin kuma ya kai kusan dala biliyan 184, wajen rabinsa daga waya ya fito. Amma kafin ka kwance bakin jaka, ka san yadda ake ƙidayar, domin ba da mudu ɗaya ake awon ba.

A ɓangaren PlayStation da ire-irenta, injin da aka sayar ake ƙirgawa. PlayStation 4 (PS4) kaɗai an sayar da sama da miliyan 117. A kwamfuta ana duba asusun da ke shiga shagunan gem na intanet irin su Steam, wanda ya ce a 2021 yana samun asusu miliyan 132 a wata. A waya kuwa, yawanci adadin saukewa da tambayoyin da ake yi wa jama'a ne madogara. Don haka uwar gidan da ke taɓa Candy Crush jefi-jefi da saurayin da ke raba dare a kan PUBG, kowa mutum ɗaya ne a lissafi. Wanda ke wasa a waya da kwamfuta da PlayStation kuma sai ya fito sau uku idan ka tara alƙaluman da kanka.

A wajenmu abin ya fi haka karkacewa. Yawancin PlayStation da ke gidajen gem na hannu ne, an riga an ƙirga su a ƙasar da aka fara sayar da su, kuma inji ɗaya yara da yawa ke bugawa kowace rana. Ke nan masu buga ta a nan sun fi abin da takarda ke nunawa. Waya kuma akasin haka: jama'a makil, amma Free Fire da Call of Duty Mobile da eFootball kyauta ake sauke su. Kuɗin ɗan wasan a data da caji yake tafiya, rabonka kuma yana cikin fawa bank, wayar caji, abin sauraro da fad, wato abin da ake riƙewa a hannu a buga gem da shi. Kwamfuta ka ajiye ta gefe tukuna, tsadarta da cin wutarta sun yi wa sabon shiga yawa.

Alƙaluman da za su amfane ka, kai za ka samo su. Je ka zauna a gidajen gem biyu na kusa da ku, daga la'asar zuwa isha, ranar aiki da ƙarshen mako. Kada cikar ɗaki ta ruɗe ka, 'yan kallo sun fi masu biya yawa; wasan da aka biya za ka ƙirga. Wasan ƙwallo ɗaya na cin wajen minti goma, saboda haka da wuya inji ya wuce wasa biyar ko shida a awa, ko da layi ya kai bakin titi. Ka ninka da farashin wasa, ka cire man janareto, haya, albashin yaro da gyaran fad, wanda masu sabon shago kan manta da shi alhali shi ne ke saurin mutuwa. Kuma kada ka auna da lokacin hutu ko Sallah. Ka auna da makon jarrabawa. Ka kuma ji ta bakin mai unguwa da iyaye kan lokutan buɗewa, don gidan da yara ke gudun makaranta su fake a ciki ba ya daɗewa.

A shagonka kuma ka ajiye littafi na wata guda, duk wanda ya tambayi kayan gem da ba ka da shi a rubuta. Ni dai shawarata ka fara da wannan sarin kaɗan-kaɗan, tunda kasuwar ka san ta, kwastoman ma naka ne. Gidan gem ka jinkirta shi sai ka ga layin masu biya da idonka, kuma jarin ya isa ka haɗa sola tun farko.