Ku Tambayi Anti: Kwalbar TikTok ko katin asibiti?

Anti, wata uku ke nan ba abin da ke min daɗi. Barci ya ƙaurace min, abinci sai na tilasta wa kaina. Na ji sanarwa a rediyo ana cewa mai irin wannan ya ga likita, sai kuma na ga wata a TikTok tana sayar da maganin damuwa, wai kwana uku an warke. Kuɗina ba za su isa duka biyun ba. Wanne zan yi?

Sannu 'yata, Allah ya ba ki lafiya. Je ki yanki kati. Ƙuncin da ya wuce mako biyu yana hana barci da ci, likitoci ciwo suke ɗaukarsa, kuma yana da magani. Ba raunin imani ba ne, ba hauka ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta sama da mutum miliyan 300 ke fama da shi, shi ya sa a 2017 ta mai da shi taken Ranar Lafiya ta Duniya, tana roƙon mutane su buɗe baki su yi magana.

To, mu dawo kan kwalbar nan, don abin yana ci min rai. Sanarwar rediyo minti ɗaya ce ta wuce, ita kuwa mai talla kullum tana cikin wayarki da murmushi da shaidun da ba wanda ya san inda ta samo su. Kwana uku! Magani na gaskiya irin su fluoxetine sai ya yi makonni kafin a fara jin sauƙi, kuma ko an ji sauƙin ana ci gaba da sha na watanni, ba a yanke shi kwatsam. Me ke cikin kwalbarta? Wa ya auna? Idan ta ba ki matsala, wa za ki kama? Mai yiwuwa abin sa barci ne kawai, ki kwana kamar gawa, ki tashi da ƙuncinki, kuɗi sun tafi. Sannan mai talla ba za ta duba jininki ba, alhali ƙarancin jini da matsalar maƙoƙo kan kawo irin wannan kasala. Wani ma ba ƙwaya yake buƙata ba, zama da ƙwararre ana tattaunawa ya ishe shi. Araha dai ba ta ado.

In kuwa tunanin kashe kai ya taɓa zuwa miki, kada ki jira gobe. Faɗa wa wanda kika yarda da shi ya raka ki asibiti yau.

Anti, abokina ya ce in sayi tramadol ko diazepam a kemis, za su ɗauke min tunani.

Ƙanena, a'a. Na farko maganin zafin ciwo ne, na biyu na kwantar da jiki ne na ɗan lokaci. Dukansu suna kama mutum, ba kuma wanda ke warkar da ciwon damuwa.

Anti, tun da matata ta haihu wata biyu da suka wuce sai kuka, ko jaririn ba ta son ɗauka. Sarƙa zan saya mata ko sabuwar waya?

Haba Malam! Mace na kuka wata biyu kana tambayata sarƙa? Fiye da kashi 10 cikin 100 na masu ciki da masu jego suna shiga wannan hali. Ka kai ta wajen likita ko ungozomar da ta duba ta, ka zauna a yi bayanin a gabanka, ka kuma nemo wanda zai riƙa karɓar jaririn da dare ta samu barci. Kuɗin sarƙar ka ajiye na magani.