Amsa: Shin Yahudawa na karanta littattafan annabawa kullum?

Malam, ka tambaya ko Attaura kaɗai Yahudawa suke karantawa, ko har da annabawan da suka yi maganar korar su daga ƙasarsu da dawowarsu. Suna karanta su, amma ba kowa ne kullum ba.

Akwai tsarin da ake kira Nak Yomi, babi ɗaya kowace rana daga littattafan annabawa da sauran rubuce-rubuce, a sauke cikin shekara biyu da 'yan kwanaki. Wani kuma, 929, an fara shi a Isra'ila a 2014, sunansa adadin babobin littafinsu mai tsarki ne gaba ɗaya.

Ni dai abin da ya fi jan hankalina na ranar Asabar ne. Makonni uku kafin azumin Tisha Be'ab, ranar makokin rushe Haikalin Urushalima da Babila ta yi a 586 kafin haihuwar Annabi Isa, ana karanta gargaɗin annabawa Irmiya da Ishaya a majami'ar Yahudawa. Azumi na wucewa sai murya ta sauya: makonni bakwai cur na ta'aziyya, duk daga Ishaya, farawa da babi na 40. Lura, lallashin ya ninka faɗan har da ƙari.

In kana son ɗanɗanawa, fara da Irmiya 29, wasiƙarsa ga waɗanda aka kwashe zuwa Babila.